Ranar da Na Kara Wayata a Bakin Lasifika

Akwai wata Asabar da ba zan taɓa mantawa da ita ba, kuma na ƙudura sai na rubuta ta da hannuna, ko da yake karatuna bai wuce firamare ba. Sai da na nemi izinin Jauro Buba kafin na ɗauki biro. Idan kun karanta za ku gane dalili.

A shekarar satar shanu ta dame mu a yankin Kafin Maiyaki, har an fara tare mutane a hanyar daji. Aka kafa kwamitin tsaro, aka naɗa ni sakatare (don kullum da biro a aljihuna, ba don wani ilimi ba). Ana cikin haka na ji ana muhawara a rediyo, wai gwamnati ta riƙa bin sawun mutane a waya da intanet, ta ji abin da suke faɗa, ta ga abin da suke turawa. Wasu suka ce shiga sirrin jama'a ne. Ni kuwa abin ya yi mini daɗi ƙwarai, har na ce me zai hana mu yi namu a gida? Duk Juma'a kowa ya miƙa wayarsa, kwamiti ya saurari saƙonnin murya da ke ciki.

Muka taru a wani aji na makarantar firamare, mutum ya fi arba'in, aka aro lasifika. Na miƙe na gyara babbar rigata, na shafa gemuna da yake baƙi wuluk a lokacin, na kawo shawarata. Na rufe da cewa, “Wanda ba shi da abin ɓoyewa, me zai ji wa tsoro?”

Jauro Buba ne ya ɗaga sandarsa. Bafulatani ne, aminina tun muna samari, kuma shi ake kira idan an saci dabba ko shanu sun shiga gona. Ya duba ƙasa ya gaya maka shanu nawa ne, daga ina suka fito. Manomi da makiyayi kowa ya yarda da idonsa.

Ya ce, “Sakatare, ni ma bin sawu ne aikina. Amma sai an yi ɓarna nake bi. Ban taɓa bin sawun wanda ya zaga bayan gida ba.”

Aka yi dariya. Dariyar ce ta hau mini kai. Na zaro wayata na ce to da ni za a fara, kowa ya ji ba ni da abin kunya. Jauro ya ce a hankali, “Kaɗo, mayar da wayar nan aljihu.” Kaɗo yake ce mini idan muna wasa, amma ranar babu wasa a fuskarsa. Ni kuwa a raina na ce lallai mutumin nan akwai abin da yake ɓoyewa. Allah ya yafe mini wannan zato.

Na kara wayar a bakin lasifika na danna saƙon farko. Muryar uwargidana ce ta cika ajin: “Malam, baƙin da kake shafa wa gemu ya ƙare. Ka sayo mai kyau, na wancan karon duk ya ɓata mini rigar matashi.”

Liman ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Wani daga baya ya ce, “Ashe Sakatare fenti yake yi.” Mai hankali a nan zai tsaya. Ni sai na ce ai wannan ba laifi ba ne, mu ci gaba (taurin kai ne kawai, na san shi tun ina yaro). Tabarauna yana gida, don ba na son a gan ni da shi a taro, saboda haka ban ga sunan da ke kan saƙo na biyu ba. Sabon saƙo ne, da safiyar ranar ya shigo, ban riga na saurara ba. Na danna.

“Kaɗo, na je an duba ni. Likita ya ce yanar ido ce, duka biyun. Sawun saniya ma da ƙyar nake bambancewa yanzu. Ko iyalina ban gaya wa ba. Ka raka ni Kano ranar Talata, mu ce kasuwa za mu. Amana na ba ka.”

Na yi ta laluben inda ake kashewa, sai ƙara sauti nake yi. Kalmar amana ta fita da ƙarfin da ko a bakin titi an ji ta. Babu wanda ya yi dariya. Jauro ya miƙe, ya ɗauki sandarsa, ya fita ba tare da ya dube ni ba. Mutumin da ko yunwa ba ya yarda ya ambata a gaban mutane, ni na tsaya na yi masa shela.

Cikin satin aka shiga gonar wani, ba a kira Jauro ba. Abin da ya gina shekara talatin, na rushe shi a minti ɗaya.

Ranar Talata na hau babur tun da hantsi na tafi rugarsa. Ya ƙi fitowa. Na zauna a gindin ɗorawa na aika masa cewa ba inda za ni, ko a yi mini tuwo ko a sakar mini karnuka. Sai bayan azahar ya fito, ya hau bayan babur muka kama hanyar Kano. Haka muka yi ta zirga-zirgar asibiti, gaisuwa kawai ke haɗa mu, har aka yi masa aiki a ido na farko. Ranar da aka cire masa bandeji ina tsaye a gabansa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, “Kaɗo, ashe da gaske fenti ne. Ga farin nan yana leƙowa ta ƙasa.”

Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

A taro na gaba na miƙe na janye shawarata da bakina, na kuma nace sai da aka mayar da Jauro kan aikinsa. Har yau ina son a kama ɓarayi, kuma idan hukuma tana da dalili a kan mutum, ta nemi izinin alƙali ta bi sawunsa, ba zan hana ba. Amma a saurari kowa da kowa don a samu mutum ɗaya, wannan duk taron da aka kawo shi zan tashi in ce ban yarda ba. Wayar tawa ce, da guminta na saya, amma rabin abin da ke cikinta na mutane ne.

Gemun kuwa na bar shi fari. Tunda gari ya riga ya ji, babu amfanin ɓata wa uwargida matashi.