Yadda Ake Tara Marubuta a Akwati Ɗaya a Hau Kansu

Kina da shafi a intanet, tun bara kike zuba labari, amma masu karatunki ko kujerar bayan mota ba za su cika ba? Share hawayenki. Dabarar nan ba ta taɓa ba mai ita kunya ba, muddin dama can ba ta da ita. Wadda ta riga ki gwadawa ita ce Gimbiyar Alƙalami, sunan da ta raɗa wa kanta, mai karɓar marasa lafiya a wani asibitin haƙori. Bi sawunta, na lamunce miki sunanki zai shiga bakin kowa.

1. Fara da kukan zumunci

Kada ki ce masu karatu kike nema, wannan roƙo ne. Ki ce kan marubuta ya rabu, kuma abin yana hana ki barci.

Gimbiya tana bayan kanta, injin likita yana ƙara a ɗakin ciki, wani dattijo ya dafe kunci yana jiran ta ba shi kati, ita kuwa tana rubuta wa zauren marubuta: "'Yan'uwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." Karin magana kyauta ne, ki zuba ba awo.

Da yawa sun amsa. Akwai wani direban motar makaranta mai rubuta labaran ɓarayi, akwai kuma Malama, mai koyar da lissafi, wadda sai mako ya zagayo take sakin babi ɗaya, amma jama'a na jiransa kamar ruwan fari. Irin Malama ake farauta. Sauran rakiya ne.

2. Raba akwatin

Akwatin nan wasu 'yan layuka ne na rubutun kwamfuta, kamar kaza ta bi ta kan takarda. Kowa ya kwafa ya manna a gefen shafinsa, sai ya riƙa nuna kanun sabon abin da 'yan ƙungiya suka saka, a ƙasa kuma sharhin da aka yi na baya-bayan nan. Mai karatun wani ya zama na kowa ke nan.

Wannan za ki faɗa musu da babbar murya. Abin da za ki haɗiye shi ne, akwatin kanu kaɗan yake ɗauka, kuma sabon shigowa shi ke ture tsoho. Ba ƙarya kika yi ba. Ba a dai tambaye ki ba.

3. Yanka babinki ƙanana

Wawa ne ke sakin babi sukutum. Gimbiya takan datsa nata gunduwa-gunduwa, duk lokacin da aka shiga da mara lafiya sai ta jefa guda. Kafin a cire haƙori ɗaya, ta cika akwatin.

Direba ne ya fara kira.

"Anti, na saka babina da safe kafin in kwaso yara. Na dawo ban ga ko ƙurarsa ba. Daga sama har ƙasa ke ce. Jarumarki ta farka. Jarumarki tana neman takalmi. Jarumarki ta ga takalmin."

"Haba Malam Direba, na'ura ce fa. Ta san fuskar wani ne?"

Riƙe wannan amsa da kyau. Na'ura ba ta da baki, ba za ta taɓa ƙaryata ki ba.

4. Yabi kowa, kada ki karanta kowa

Shugaba ba ta da lokacin karatu. Tanadi sharhi guda mai daɗi ki ajiye a waya, da zarar wani ya saka abu sai ki manna masa. Na Gimbiya shi ne: "Wayyo cikina! Wannan ya fi na baya daɗi. Don Allah a ci gaba, kada a bar mu muna jira."

An yi makonni ana gode mata. Har wata mai ɗinki ta ce ba ta taɓa ganin mai karatu irinta ba, kuma gaskiya ta faɗa.

5. In ta ɓaci, ki zama ta ƙarshen sani

Wata rana Malama ta saka rubutu ba a ranar da ta saba ba. Gajere ne. Ta ce mahaifinta ya rasu bayan doguwar jinya, za ta dakata da labari, tana roƙon addu'a.

Asibiti ya cika a ranar, likita yana ta ƙwala kiran a kawo fayil. Gimbiya ta hango sunan Malama, ta manna sharhinta, ta jefa gutsure huɗu na nata labarin, ta koma aiki. Gutsattsarin suka ture sanarwar daga akwatin. Sharhin kuwa ya zauna daram a gefen shafin kowa, da sunanta, yini guda.

Sai da aka tashi daga aiki ta ga wayarta na neman fashewa. Ta karanta sanarwar a tsaye a bakin ƙofa, da makullin asibiti a hannu, ta sake karantawa. Ta goge sharhin. Amma an riga an ɗauki hotonsa, ya zaga duniya.

6. Je gaisuwa, ki tafi da bayani

Gimbiya ta tsara nata tun a hanya: na'ura ce, hannu ne ya zame, wayar ce ta tsufa. Ta sami falo cike da mata, an ture kujeru jikin bango, takalma sun yi tsibi a ƙofa. Malama na zaune a ƙasa kusa da mahaifiyarta, idanu sun kumbura.

Gimbiya ta durƙusa. "Malama, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba. Wallahi maganar sharhin nan, wayata ce..."

"Na sani, Anti," in ji Malama, ba tare da ɗaga murya ba. "Tun babina na farko na gane ba kya karantawa. Ban damu ba." Ta gyara wa mahaifiyarta mayafi. "Sai dai kin ce a ci gaba. Uba ɗaya gare ni."

Gimbiya ta zauna a inda take har aka shafa addu'a, ta fita tana laluben takalminta cikin na mutane, hawaye ya hana ta gane shi.

A wannan mataki ba ni da shawara. Ni ma ƙwarewata iyaka gare ta.

Hattara

Mai wannan jagora ba ya ɗaukar alhakin cire ki daga zaure, ko shirun da za a yi in kin yi sallama, ko kallon da mai ɗinki za ta yi miki a layin mota. Duk wadda ta bi matakan nan ta ga ba daidai ba, kada ta neme ni. Ni ma ban karanta su ba kafin in saka.