Rasuwar 'Yar Shinkafi, Mai Nuna wa Baba Gonarsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta kasa zama wuri ɗaya, ni Sha'aibu Sanda na Kaura Namoda nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar kwamfutata, wadda aka fi sani da 'Yar Shinkafi, don a kasuwar can na saye ta, ta hannu, da tsagewa a gefen murfinta. Da biro na rubuta sanarwar nan na manna a ƙofa, domin mai buga mini takarda ita ce ta kwanta.

Marigayiya mai haƙuri ce. A kanta na koyi duk abin da na sani, babu malami, ta sha kurakuraina ba ta taɓa yin fushi ba. Idan an kunna ta sai ta ce "tit", ta ɗan yi "fuuu" kamar mai hura garwashi, sannan fuskarta ta buɗe.

A fuskar nan babban aikinta yake. Hoton gonarmu ta wajen Zurmi ne a kai, gero ya fid da kai, kore shar. Na ɗauke shi a damina ta ƙarshe kafin 'yan bindiga su raba mu da noma. Mahaifina Malam Sanda tsufa ya fara taɓa masa hankali, ya manta mun taso. Kullum da hantsi sai ya sa takalmi zai je duba gero. Matata Rahma takan zaunar da shi gaban allo, ya ƙura ido, ya gyaɗa kai, ya cire takalmin. Hoton takarda ba ya ganinsa, na waya ya yi masa ƙanƙanta. Sai abu babba mai haske.

Ga yadda ciwon ajali ya zo. Idon Baba yana ƙara rauni, sai na so in sa mata manhajar ƙara girman hoto. Ta nuna sai an sabunta wasu ƙunshe-ƙunshen manhajojin da ke cikinta tukuna. Ana tsakiyar saukewa daga intanet aka rufe layukan waya a jihar nan gaba ɗaya. Ta tsaya rabinta sabo, rabinta tsoho. Da na sake kunna ta, babu gona, babu 'yar kibiya, sai baƙin allo da ɗan farin layi yana ƙiftawa.

An yi jinya iya gwargwado. Duk umarnin gyara da na haddace na rubuta mata. Ƙunshin da ke zana fuska ya ƙi zama sai an kawo masa wani, wanin ya ƙi shigowa sai tsohon ya fita, tsohon kuma wasu sun jingina da shi. Kowa na jiran kowa, maganinsu duka yana intanet. Kamalu mai gyara ya duba, ya ce a Funtua ake samun sabis. Na sa ta a jaka zan tafi, Rahma ta zauna a kan jakar, ta tambaye ni wa zai kula da Baba idan aka ɗauke ni a hanya. Na fasa tafiyar.

Tun daga ranar nake kai da komo a tsakar gida. Shin ta mutu ma kuwa? Idan na tambaye ta abin da ke cikinta, tana rubuto mini sunan hoton, ta kasa nuna shi. Na goyi bayan rufe layin don a toshe wa miyagu kunne, har yanzu ban janye ba, to wa zan zarga? Tambayar da ta fi ci mini rai ita ce wannan: gonar nan yau ciyawa ce da ƙaya, amma marigayiya kullum tana nuna wa tsoho kore. Ba ta taɓa furta masa kalma ba, ni ma ban furta ba. Idan ƙarya ce, a wuyan wa take? Idan kuma rahama ce, me ya sa nake sunkuyar da kai duk lokacin da ya cire takalmin?

Ta rasu ta bar caja, da linzami mai ɗingishi, da firinta wadda ta shiga takaba. Ta bar kuma tsoho guda da bai san ta rasu ba. Jiya Rahma ta juya tana ɗora tukunya, ya fice. Wani ɗan acaba ne ya tsince shi kusa da tasha yana neman motar Zurmi.

Ba za a yi mata wanka ba, don ba ta shiri da ruwa. Za a naɗe ta a zane mai tsabta bayan la'asar, a ajiye ta a kan sif har ranar da layi ya dawo.

Masu ta'aziyya kada su wahalar da kansu zuwa gida. Zaman makoki a bakin tashar motar Zurmi ne, daga hantsi zuwa azahar, kowa ranar da ya samu hali. Wanda ya ga dogon tsoho mai farar hula yana sauri, ya gaishe shi. Ban ce ku yi masa ƙarya ba, kada kuma ku yi gardama da shi. Ku tambaye shi yadda ake gane gero ya nuna. Zai yi ta bayani, ku juyo da shi gida yana magana.