Ranar da kwamfuta ta raɗa wa 'yar Baffa suna

Ba zan taɓa mantawa da jajibirin sunan 'yar Baffana a Birmingham ba, ko da kuwa zan kai shekarun da sai an tuna mini sunana.

A shekarun tamanin ne, ina ɗan shekara goma sha biyu. Babanmu likita ne, muna zaune a unguwar Whalley Range, a wani gari nesa da Birmingham, cikin wani tsohon gida da aka yayyanka shi ɗaki-ɗaki. Wata Asabar ya shigo da kwamfuta. Kada ka hango irin ta yanzu. Wani ɗan baƙin faranti ne mai madannai, sai an jona shi da talabijin, kuma duk abin da ka rubuta sai ka ɗauke shi a kaset irin na rediyo. Idan ka saka kaset ɗin a rikoda ba magana za ka ji ba, wani ƙara ne kamar an taka wutsiyar kyanwa a cikin injin markaɗe.

Na koyi ba ta umarni daga ɗan littafin da ya zo da ita. Ka ce ta rubuta kaza a layi na goma, a na ashirin ka ce ta koma na goma, sai ta yi ta maimaitawa har ka gaji. Nan take na ɗauki kaina masani (har tafiyata ta canja a Oxford Road).

Matsalata ɗaya, kaset. Wata rana na gama wani aiki na sirri, na rasa inda zan adana shi. Sai ga wani kaset a kan talabijin, babu rubutu a jikinsa. Na danna, na saurara, shiru. Na ce wannan ai fanko ne, na ɗora aikina a kai, na mayar da shi inda yake.

Ashe saƙon Kaka ne, mahaifiyar Baba, wani ɗalibi ya kawo daga Kano. Ta yi kashedi kada a saurara sai matar Baffa ta haihu, dangi sun taru, domin a ciki ta zaɓi suna. Kaset ɗin a tsakiya yake lokacin da na danna, shirun da na ji kuwa, tsayawa ta yi tana tauna goro.

Aka haifi mace. Muka tafi Birmingham, ni da kwamfutata a jaka don in burge yara. Bayan la'asar falon Baffa ya cika: Gwaggo, abokan Baffa, da maƙwabcinsa, wani akanta ɗan Zariya, tare da 'yarsa Zainab, sa'ata. (Tun wata Sallah da ta miƙo mini cincin ban sake samun lafiya ba.)

Baba ya mayar da kaset farko ya kunna. Kaka ta gaida kowa, har da waɗanda suka rasu. Sannan ta ce, "Idan namiji ne a sa masa Abubakar. Idan kuwa mace ce, to..." Ta yi shiru. Sai ƙiiiiii!

Gwaggo ta zabura, ta hau karanta Ayatul Kursiyyu. "A fitar da shi waje! Wannan ba muryar bil'adama ba ce!"

Baba bai motsa ba. Wannan kukan kullum da shi yake karin kumallo. Ya juyo ya dube ni.

Mai hankali a nan zai faɗi gaskiya. Ni kuwa cewa na yi, "Baba, wataƙila kwamfuta za ta iya fito da sauran maganar."

"Haka ne?" in ji shi. "To, ɗauko ta."

Ina jona wayoyi ina addu'a. Wannan na'ura sau da yawa sai na yi ta fama kafin ta karɓi kaset. Ranar nan, bugu ɗaya ta karɓa. Talabijin ya cika daga sama har ƙasa:

INA SON ZAINAB
INA SON ZAINAB
INA SON ZAINAB

(Da Hausa na rubuta, wai don kada abokaina Turawa su gane.)

"Allahu akbar!" in ji Baffa. "Hajiya ta ce Zainab take so!"

Mata suka rangaɗa guɗa. Gwaggo, wadda ɗazu take neman a jefar da kaset, ta ce, "Kai, Nasara! Har muryar tsohuwa sun koya wa ƙarfe." Wani dattijo ya shafa kaina ya sa mini albarka. Wallahi na fara jin cewa na tsira, har ina murmushi.

Sai Baffa ya ce, "Duba ko da saura," ya danna wani madanni da kansa. Rubutun ya tsaya, layi na ƙarshe ya fito:

IDAN NA ZAMA LIKITA ZAN AURE TA

Gwaggo ta matsa kusa da talabijin ta sake karantawa a hankali. "Hajiyar ce za ta zama likita?"

Akanta ya gyara tabarau ya dubi 'yarsa, sannan ya dube ni. Daga nan kowa ya dube ni. Zainab ta ajiye kofin lemonta, ta ce da Turancinta na 'yan Birmingham, ita fa likitoci ba sa burge ta. Dariyar da aka yi har jaririya sai da ta farka. Ni dai na shige banɗaki, ban fito ba sai da aka buƙace shi don alwalar magariba.

Babu waya a gidan Kaka, suna kuma da safe ne. Baffa ya ce tunda an riga an yi guɗa, a bar shi haka. Da labari ya isa Kano, Kaka ta aiko cewa ita Hadiza ta ce, amma a gaida mata "angon talabijin". Da sunan nan dangi suke kirana har yau, a gaban 'ya'yana.

Yanzu da rubuta wa kwamfuta umarni nake ci da iyalina, kuma abu ɗaya nake faɗa wa sababbin ma'aikata: kwamfuta tana riƙe sirri sosai, jira kawai take jama'a su taru.