Izinin Sa Wa Motar Baba Sanyi, Kwana Casa'in

Jiya da safe na fita neman takarda guda ɗaya tak, na dawo da rana tsaka rungume da dashen itace a leda, ga wata koriyar hula mai baki a kaina. Matata Herlinda ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Nicanor, ofis ka je ko biki?" Ban tanka mata ba, don da na buɗe baki a lokacin, abin da zai fito bai dace da kunnen matar da ba ta fashin coci ba. Yau na ɗan huce, to ku gyara zama in juye muku.

Duk wanda ya san ni a San Crispín ya san akori-kurar babana, shuɗiyar nan ƙirar 1972. Da ita Baba, wato Don Eleuterio, ya shekara arba'in yana jigilar lemo da awaki da bulo, kuma a bayanta aka kai gadon aurena. Yanzu Baba shekararsa tamanin da huɗu, ƙodarsa ta ajiye aiki, sau uku a mako nake kai shi asibitin birni a wanke masa jini. Tafiyar awa ɗaya da rabi ce, layinsa kuma ƙarfe ɗayan rana yake faɗawa. Bas ɗin garinmu da asuba take fita, ba ta dawowa sai ta ga dama, wata motar kuwa ba mu da ita. Kun dai san Yuni a nan, sitiyari ma sai da tsumma ake kama shi. A watan jiya muna kan hanya Baba ya sulale a kujera, ina kiran sunansa yana kallona kamar bai taɓa ganina ba. Likita ba ta yi mini kwana-kwana ba. Ta ce, "In ka ci gaba da kawo shi cikin wannan tanda, wata rana ba za ka iso da shi ba." Wallahi tsoron da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba.

Washegari na kai motar garejin Baldomero makanike na ce ya sa mata clima. Clima dai, yadda kowa a yankinmu yake kiran na'urar sanyi ke nan, amma ainihin ma'anar kalmar ita ce "yanayi". Kaka da kakanni ba su san ta ba, amma tun da ta zo haka muke ce mata, ba wanda ya taɓa ruɗewa.

Baldomero ya zagaya motar sau biyu yana sosa ƙeya. Ya ce, "Motar da ta zo duniya da tagogi biyu da addu'a, yau ita za a sa wa clima? Kai Nica, ba don babanka Don Lute ba, da na kore ka."

Kwana huɗu ya yi a kanta. Ya ƙera ƙarfen da zai riƙe kwamfreso a gefen inji, ya ƙara fambel, ya saka wata 'yar lagireto a gaban ta ainihin, ya huda ramuka biyu ya zura tiyo, sannan ya rataya akwatin hura iska a ƙarƙashin dashbod. Ranar da muka fara gwadawa, Baba ya ɓata rai ya ce, "Kai yaro, kashe abin nan, mura za ka sa mini." Shekarata hamsin da bakwai, har yau yaro nake. Ba mu yi kilomita biyar ba ya ɓingire da barci har da minshari. Da ƙafarsa ya shiga asibiti ranar, yana tsokanar nas.

Sai ga lokacin duba mota ya zo. Tsohuwar mota irin tamu ba ta isa ta ci jarrabawar hayaƙi ba, ita ma ta sani, shi ya sa take yawo da lambar nan ta musamman ta motocin tarihi, wadda ake sabuntawa duk shekara. Da ita muke wuce shingen bakin birni. Sharaɗin ɗaya ne, mota ta kasance yadda kamfani ya ƙera ta. Jami'in duba motar, Mai Girma Sarkin Leƙen Inji, ya fito da fayil a hammata, ya ɗaga bonet, ya tsaya cak.

"Wannan fa?"

"Clima ne, ranka ya daɗe."

"Na san clima ne, ba makaho ba ne ni. A 1972 akwai shi a motar nan?"

"A 1972 babana ma yana da ƙoda, ranka ya daɗe."

Ko murmushi bai yi ba. Ya ɗauki hoton kwamfreson, ya durƙusa ya ɗauki na ramukan, ya rubuta "ba ta asali ba ce" da jan biro. Ya ce lambar za ta mutu ranar Juma'ar nan, ko in cire clima, ko in kawo takardar izinin canji daga sakatariyar gari. Ni fa ina jinjina wa bawan Allahn nan. A garin da aka yi bikin buɗe gada sau uku alhali har yau a cikin rafi muke bi, a garin da famfo ke zuwa ranar Talata in ya tuna, an samu mutum ɗaya da ya tsaya tsayin daka yana kare tarihi daga tsoho mai ciwon ƙoda. Allah ya ƙara masa girma.

Da na dawo, maƙwabciyata Doña Cuquita ta leƙo ta katanga tana shanya.

"Maƙwabci, kai ma da neman wahala. Kwance abin mana ranar duba, ka mayar washegari. Kowa haka yake yi."

"Ramukan fa? Ya ɗauki hotonsu."

"To ka ce ɓera ne."

"Ɓera mai huda ƙarfe, Doña Cuquita?"

"Ka ga ɓerayen kasuwa kuwa tun da aka daina kwashe shara? Ɗaya ya kalle ni jiya, ni na fara gaishe shi."

Na ce mata a'a, ni ta hanyar doka zan bi. Ta yi dariya har kwandon wanki ya faɗi daga hannunta.

To jiya muka doshi sakatariya ni da Baba, tunda motar sunansa ne a kanta, dole ya sa hannu. A taga ta huɗu muka sami wata baiwar Allah sanye da suwaita, a watan Yuni fa, tana hura hannu. Ta miƙo fom. A layin "dalilin zuwa" na rubuta abin da kowane ɗan garin nan zai rubuta: canjin clima. Tana karantawa ta zaro ido, ta buga hatimi da ƙarfi, ta ɗaga waya ta ce, "Yallaɓai, an samu mutum!" Kafin in ce uffan an tasa mu gaba zuwa bene, Baba yana hawa yana hutawa.

A jikin ƙofar an rubuta Ofishin Sauyin Yanayi. Kun tuna shi? Wanda aka buɗe ana gobe zaɓe, da alkawarin itace dubu goma da inuwa a kowace kwana. Ni na ɗauka ya bi iska tare da fastocin. Ashe yana nan daram, na'urar sanyi uku suna aiki a ɗaki ɗaya, shugaban ofishin, Mai Girma Uban Damina da Rani, yana zaune da kwat har da mayafi a wuya. Ya taso ya rungume ni, ya rungumi Baba.

"Shekara uku da buɗe ofishin nan, ku ne 'yan ƙasa na farko da suka taka ƙafa! Talaka ya farka! A kira mai hoto!"

Tirƙashi. Aka ɗora mana huluna, aka danƙa mini dashen itace, aka ce mu yi murmushi. Sannan Mai Girma ya shiga jawabi a kan ƙanƙarar da ke narkewa a can ƙarshen duniya. Duk sanda na ɗaga yatsa sai ya ce, "Ina zuwa, ina zuwa." Baba kuwa ya baje a kujera mai laushi, ya taɓa ni ya raɗa mini, "Kai, ƙyale shi ya yi ta zuba, sanyin nan kyauta ne."

Sai da ya tsaya kurɓar ruwa na samu na kutsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, clima na mota nake nufi. Na'urar sanyi. Na sa wa akori-kura, aka ce in nemo izini."

Mai hoto ya sauke kyamara. Mai Girma ya sake duba fom ɗin, ya dubi na'urorinsa uku, waɗanda shi ma na tabbata clima yake ce musu in ya koma gida. Na ɗauka zai yi dariya ya ce mu sauka taga ta biyu. Ina! Mutumin da ya shekara uku yana jiran mai ƙara ba zai sake shi haka kawai ba.

"Takarda dai ta shigo ofishina," in ji shi. "An buga mata hatimi, an ba ta lamba, ba ta komawa ƙasa. Kuma in ka duba da kyau, hurumina ne. Kwamiti zai zauna ya auna illar da clima ɗinka zai yi wa clima na duniya."

"Zuwa yaushe, ranka ya daɗe?"

"Kwana casa'in na aiki. Ban da Asabar da Lahadi, ban da makon bikin waliyyin gari."

Na lissafa da yatsu, Nuwamba ke nan, lokacin da kowa ke neman bargo. Nan fa raina ya ɓaci, na manta da ranka ya daɗe. Na ce masa Juma'a lambar za ta mutu, Litinin muna da asibiti, na maimaita masa maganar likita kalma bayan kalma. Ya dafa ƙirji ya ce Allah ya ba tsoho lafiya, kuma na rantse da gaske yake, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Sannan ya ɗauki biro ya juya wajen Baba cikin ladabi.

"Don Eleuterio, izinin da sunanka za a fitar, ko? Tunda kai ne mai motar."

Baba ya cire koriyar hular ya ajiye a kan tebur a hankali. Ya ce, "A'a, ɗana, sa sunan yaron nan, Nicanor. Kwana casa'in da yawa. Kada a ɓata muku takarda a banza."

Mai Girma ya kwashe da dariya, ya ce tsohon nan akwai barkwanci. Ni ban iya dariyar ba. Na san Baba in yana wasa, na san shi in ba wasa yake ba. Muna saukowa ya riƙe hannuna a kan matakala, da muka shiga mota kuma na kifa kai a sitiyari na ɗan jima kafin in tayar.

Saboda haka ga sanarwa, kyauta, ga duk mai hatimi a garin nan. Ba zan cire clima ba. Litinin ƙarfe goma sha ɗaya za mu kama hanya da matacciyar lamba, na'ura a kunne har ƙarshe. In masu shinge sun tsayar da mu, zan buɗe musu ƙofa su leƙo, su faɗa wa Don Eleuterio da bakinsu cewa ya sauka ya jira Nuwamba a bakin titi.

Ku kuma jama'a, in kun gan mu mun wuce gilas a rufe ba mu ɗaga muku hannu ba, kada ku ce Nicanor ya yi kuɗi ya fara girman kai. Sanyin ne ba shi da takarda, ba ma so ya leƙo waje a kama shi.