Firjinmu Ya Rasu, Ya Bar Farar Roba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko dai da ɗan abin da ya rage mini na zuciyar, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar firjin gidanmu. Ya cika ranar Talata da hantsi, a kusurwar kicin, tsakanin taga da kwandon albasa, inda ya shafe shekara goma sha tara a tsaye. Ya rasu bayan gajeriyar jinya. Babu kowa a kansa sai ni, ni ɗin ma ban gane ya cika ba sai da na ji gidan ya yi tsit.

Buga sanarwa sana'ata ce. Sama da shekara ashirin ina zaune a gaban na'ura a wani shagon ɗab'i, ina buga wa mutane katin gayyata da takardar haya da sanarwar rasuwa. Na san inda ake sa waƙafi, na san kalmar da ake ɗora wa mamaci ko da a raye ba shi da ita. Wata biyar da suka wuce matata ta rasu. Na zauna zan buga tata, na rubuta layin farko, hannuna ya tsaya. Abokin aikina ne ya janye ni daga kujerar ya ƙarasa, layi huɗu cif. Saboda haka a yi mini uzuri idan ta firji ta yi tsawo.

Ba mu san shekarar haihuwar marigayin ba, domin na hannu muka saye shi. Ya zo mana da lotsawa a kafaɗa, da gajeriyar ƙafar hagu wadda muka yi wa ciko da kwalin da aka ninke huɗu. Ƙofarsa ba ta rufuwa sai an tokare ta da gwiwa, kuma duk wanda ya girma a gidan nan, wato 'yata Auta, har yau idan ta je gidan mutane sai ta tokari firjinsu da gwiwa. Mutum ne mai ƙarancin magana. Yawanci abin da yake faɗa bai wuce "zuuuu" ba. Can sai ya ce "ƙyas", ya girgiza kafaɗa, kwalaben da ke jikin ƙofar su amsa masa, ya yi shiru, ya sake ɗauka daga farko.

Babban halinsa na gari shi ne rufin asiri. Albashina bai taɓa ganin ƙarshen wata da idonsa ba, amma baƙo bai taɓa shigowa gidan nan ya gane haka ba. Abin da ke cikin marigayi yana cikin marigayi.

Sai dai ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Abokiyar aikinsa ita ce matata, wadda nake tsokana da Mai Robobi. Duk robar da ta shigo gidan nan ta shigo ke nan: ta bota, ta madara, har da na askirim ɗin da ba mu muka sha ba, maƙwabciyarmu ce ke ajiye mata. Ta wanke, ta kife, ta jera. Mai shuɗin murfi tawa ce, ita nake tafiya da ita shago. Mai jan murfi ta Auta.

A hannunsu su biyun abinci ba ya mutuwa sau ɗaya. Farar shinkafar Litinin ta kwana a cikin marigayi, ranar Talata ta fito soyayya da ƙwai guda ɗaya da aka yi wa dukan da sai ka rantse uku ne. Waken da ya rage a dagargaza shi da albasa a cusa cikin burodi. Burodin da ya bushe a tsoma shi a ruwan ƙwai a gasa. Tumatirin da ya fara laushi, wanda mai kayan miya ke ƙoƙarin rabuwa da shi da yamma, a markaɗa a tafasa a zuba a roba. Ƙashin kaza kuwa sai ya shiga tukunya sau uku kafin a sallame shi, na ukun ma don girmamawa ne kawai. Na taɓa ce mata wata rana za ta dafa mana tururin jiya. Ta ce in nemo mata murfin da zai riƙe shi.

Dokoki biyu ne a gidan, kuma marigayi ne alƙalinsu. Ta farko: abin da ya fara shiga shi zai fara fita. Ta biyu: abin da ya narke ba ya komawa ƙanƙara, ranar za a ci shi. Zubar da abinci kuwa ba a sa shi cikin dokoki ba, don ba a taɓa tunanin wani zai yi ba.

Idan mun zauna cin abinci, matata ke zuba mana, sannan ta jingina da ƙofar kicin tana kallonmu, tsumma a kafaɗa. In na ce ta zo ta zauna, amsarta guda ce.

"Ku ci abinku, ni na ci a kicin."

Na ɗauka haka masu girki suke, ɗanɗane ke ƙosar da su. Shekara da shekaru ban sake tambaya ba.

Bayan rasuwarta mun bi doka. Cikin mako biyu ni da Auta muka cinye duk robobin da ta bari, na gaba kafin na baya, shuɗi nawa, ja nata. Sai guda ɗaya ta rage a can ƙuryar ɗakin ƙanƙara na sama. Fara ce, murfinta fari mai tsaguwa a gefe, ƙanƙara ta lulluɓe ta har ba a ganin abin da ke ciki. Na yanke wa kaina hukunci cewa miyarta ce ta ƙarshe, irin wadda take yi ranar da aka biya albashi, mai nama sosai. Ban buɗe ba. Na karya doka ta farko da sanina. Kullum da safe kafin in fita sai in buɗe ƙaramar ƙofar, in dube ta, in rufe, in tokari babbar da gwiwa. Muddin tana nan, akwai girkinta guda da ban ci ba tukuna. Auta tana ganina ina yi.

Jinyar marigayi ta fara ranar Asabar. Muryarsa ta canza, "zuuuu" ɗin ta koma "garr, garr", kamar mai son ya yi kaki ya kasa. Ranar Lahadi ruwa ya fara bin ƙafarsa, kwalin cikon ya jiƙe ya saki, sai ya karkata hagu. Ranar Litinin na kira mai gyara. Ya jawo shi daga bango, ya durƙusa a bayansa, ya dafa injin, ya janye hannu da sauri.

"Malam, wannan ai ya gama nasa. Injin ya ƙone."

"Ba a canzawa?"

"Ana canzawa. Amma bututun ma duk sun cinye, ko na ɗura masa gas, kwana biyu ya tsiyaye. Ni ba zan cuce ka ba. In da abin da kake ji da shi a ciki, ka kwashe tun yau."

Na ce to. Ban kwashe ba. Na zauna a kan kujerar kicin ina sauraron numfashinsa, ina cewa ai mai gyara ba shi ke da rai ba.

Talata da safe ban je shago ba. Wajen ƙarfe goma ya ce "ƙyas", ya girgiza, kwalabe suka amsa masa. Na jira ya sake ɗauka daga farko. Na daɗe ina jira. Abin da na ji bayan nan sai "ɗis, ɗis" daga ɗakin ƙanƙara.

Kafin rana ta take, farar robar ta fara gumi. Maƙwabciyarmu, wadda ta ga shigar mai gyara da fitarsa, ta leƙo.

"Baban Auta, in da abin da za a sa a ƙanƙara, kawo in sa maka a nawa. Akwai wuri."

Na ɗauko robar na matsa gefenta da yatsa. Ta lotsa. Na ce mata na gode, an makara. Ta dubi robar, ta dube ni, ta ce Allah ya ba da haƙuri, ban san na wanne take nufi ba.

Auta ta dawo hutun rana daga kantin da take aiki, ta same ni a tsaye, roba a hannu, ruwa na bin gwiwar hannuna.

"Baba, ta narke?"

"Ta narke."

"To ko a ci yau, ko a zubar gobe."

"A gidan nan ba a zubarwa."

"Na sani," in ji ta. Ta ajiye jakarta a kan marigayi.

Na ce tunda miyar albashi ce, ba za a ci ta da tsohon abu ba. Na wanke shinkafa sabuwa, na ɗora, na tsaya a kanta har ta tsotse. Na fito da faranti biyu daga cikin na baƙi. Sannan na ɓare murfin.

Ba miya ba ce. A sama akwai wake kamar cokali biyu. Ƙarƙashinsa ƙanzon shinkafa, wanda ya kama gindin tukunya. Sai guntayen taliya, sai gefen burodi guda uku, sai kan kifi da aka riga aka tsotse rabinsa. Hawa hawa suke, kowace rana da nata. A gefe akwai rabin dankali mai baƙi a kai ɗaya. Wannan na gane shi. Ni na ture shi bakin faranti, har na yi mita cewa mai dankalin ya cuce mu.

Na ce, "Wannan na mene ne?"

Auta ta ce, "Nata ne."

"Nata kamar yaya?"

"Abin da muka rage a faranti take tarawa a ciki. In ta cika sai ta ɗumama ta ci. Farar kullum tata ce, Baba."

"Tun yaushe?"

"Ni dai tun ina firamare na gani. Ta ce kar in faɗa maka."

"Saboda me?"

"Ta ce kai ne mai fita aiki, ni kuma ina girma."

Na tsaya ina jiran wani abu ya taso mini, kuka ko fushi ko ma jiri. Babu abin da ya zo. Na lura famfon wanke-wanke yana ɗiga, na ce a raina sai an canza masa roba. Na lura ƙofar marigayi a buɗe take, na tokare ta da gwiwa, ko da yake babu sauran sanyin da za a tsare.

Na juye abin da ke cikin robar a kasko, na ɗiga mai, na yayyafa ruwa, na rufe, kamar yadda na sha jin matata tana yi daga falo ban taɓa tashi na duba ba. Da ya ɗauki zafi ban kai shi kan tebur ba. A tsaye na ci, a gaban murhu. Auta ta ɗauko cokali ta tsaya kusa da ni. Gishiri bai ji ba, kuma yana warin ƙanƙara. Mun cinye tas, har dankalin. Shinkafar da na dafa sabuwa ce ta yi saura, tukunya guda, kuma babu inda za a sa ta.

Marigayi ya rasu ya bar robobi talatin da ɗaya, huɗu daga ciki ba murfi, da murafu shida waɗanda ba a san robobinsu ba. Ya bar kwalaben ruwa biyar, da rabin lemon tsami da aka ajiye a ƙofarsa don kashe wari, da wani faranti na yin ƙanƙara da ya tsage tun Auta na goye. Ya bar tabo mai kusurwa huɗu a ƙasan kicin, wanda ya fi sauran daɓen haske. Ya bar Auta, wadda ta riƙe masa amanar da ta fi ƙarfin shekarunta. Ya kuma bar ni, wanda na buɗe shi sau dubbai ina neman abin da ke da shuɗin murfi, ban taɓa tambayar farar ta wace ce ba.

Duk wanda marigayi ya taɓa ba shi ruwan da bai yi sanyi ba, ko ya sa madararsa ta yi tsami a kwanakin jinyarsa, muna roƙon ya yafe masa. Ya yi iya ƙoƙarinsa da abin da aka ba shi.

Za a fitar da gawar gobe Alhamis da ƙarfe goma na safe. Mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da amalankensa, kuma ana neman mutum biyu masu ƙarfin baya su taimaka a matakala, don kwana ta biyu tana da matsi. A ɗaure ƙofar da igiya kafin a ɗaga, ba ta rufuwa da kanta. Robobi masu shuɗi da jan murfi za su koma wurin maƙwabciya, da ma yawancinsu daga can suka zo. Farar ba za ta bi kowa ba. Na wanke ta, tana kife a kan taga.

Za a karɓi gaisuwa a falo bayan an tafi da shi. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo abinci, babu wurin ajiya. Kada kuma kowa ya wahalar da kansa yana tambayata ko na sa wani abu a cikina. Na ci a kicin.