Ni da Kuda a Gaban Surukata

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kai surukata yawon buɗe ido ba, ko da kuwa na so mantawar, don ita ba za ta bari ba.

Lokacin ina karatun digiri na uku a Kuala Lumpur, muna zaune a Sri Petaling. Matata ta haihu, Hajiya mahaifiyarta ta zo daga Kano wankan jego. Ni da Hajiya akwai kunya irin ta asali, ko ruwa ba na sha a gabanta. Kuma tun kafin ta zo na riga na cika baki a waya cewa yaren Malay a bakina kamar ruwa yake. Gaskiyar magana, abin da na iya bai wuce makan (ci) da tapau (ƙunshe min abinci) da boleh (za a iya) ba, wato iya abin da zai hana ni kwana da yunwa. Amma na lura suna cewa dunia, suna cewa Jumaat, suna cewa sabar in ana ba da haƙuri, sai na yanke hukunci cewa Malay ai Hausa ce da ruwan sama ya yi wa duka.

Da aka yi arba'in, na ce sai Hajiya ta ga gari kafin ta koma. Na nemo mana tafiyar yini guda: tafki a saman tsauni, wani gidan dutse mai hasumiya irin na sarakunan Turawa, sannan a gangara garin bakin teku a ci kifi. Motar da na zaɓa ta 'yan ƙasa ce, cike da dattawan mata masu ɗauke da kulolin abinci, jagoran kuma, wani fara'arren dattijo da ake kira Pak Cik, da Malay yake bayani. Na ce wa Hajiya kada ta damu, tafinta na kusa.

A bakin tafki Pak Cik ya daɗe yana magana yana nuna ruwa. Na juya na ce, "Hajiya, cewa yake ruwan da sanyi."

"Duk wannan dogon zancen?"

"Haka yarensu yake, Hajiya, akwai jan magana."

Matata ta dube ni ta gyara goyo. (Ita da take yini da maƙwabta da 'yan kedai, wato masu shago, ta fi ni jin yaren nesa ba kusa ba, amma a lokacin ban yarda ba.)

Muna isa gidan dutsen, Pak Cik ya tara mu ya fara jawabi, sai kunnena ya cafki kalma ɗaya tana ta dawowa: kuda, kuda, kuda. Wani daɗi ya kama ni. Na ce, "Hajiya, a rufe fuskar jariri, ya ce akwai ƙudaje a wurin." Sai ya yi wata tambaya, matan nan suka hau girgiza kai suna ja da baya. Na tambaye shi da Turanci me ya ce, ya amsa cewa yana neman wanda ba ya tsoron kuda.

Jama'a, ni da na tashi a bayan 'yan nama, a tambaye ni tsoron ƙuda? Na ɗaga hannu har sama. Matata ta ja min gefen riga, na ce ta bari, maza na magana. Na gyara murya na shaida wa taro da Turanci cewa a ƙasarmu kuda ba komai ba ne. Da tafin hannu nake kashe shi. In ya ishe ni na sa silifa. Wani lokacin ya faɗa min cikin shayi, in tsame shi in ci gaba da sha.

Wata tsohuwa ta dafe ƙirji tana salati. Ni kuwa na ɗauka jarumtata ce ta burge su, har na saci kallon Hajiya in ga ko tana lura.

Sai ga Pak Cik ya zagayo daga bayan gini yana janye da doki. Ƙato, ja, yana huci. Ya miƙo min linzami yana murmushi ya ce, "Kuda. Boleh?"

Ni ko jaki ban taɓa hawa ba. Amma surukata na tsaye, na kuma riga na yi alkawarin kisa da silifa. Na ce, "Boleh."

Hawan ma sai da mutum biyu suka tura ni. Dokin bai yi gudu ba, wallahi ba zan yi masa sharri ba, ɗan sassarfa kawai ya yi. Ni kuwa na saki linzami na rungume wuyansa, hulata ta yi nata wuri, wandona ya ce ɓarr daga baya, na buɗe baki da niyyar salati, abin da ya fito shi ne, "Wayyo Hajiya, ki ce ya tsaya!" Surukar da ban taɓa haɗa ido da ita ba, ita na kira a gaban duniya. Da zanin goyon ɗana na rufe bayana har muka koma mota.

Hanyar bakin teku kafaɗun matata sai rawa suke saboda dariyar da take dannewa. Aka zaunar da mu a wata rumfa kusa da jiragen masunta, aka kawo gasasshen kifi. Na zauna can gefe, kaina a ƙasa, ina fatan dai Hajiya ta ɗauki abin a matsayin ƙaddara. Sai wani ƙuda na gaskiya, namu na gida, ya zo ya sauka a bakin farantina.

Hajiya, wadda tunda na auri 'yarta ba ta taɓa yi min wasa ba, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, ga dokinka ya biyo ka. A kawo silifa ne, ko hawa za ka yi?"

Har yau in ta kira 'yarta, ƙarshen wayar shi ne a gaida mahayin ƙuda. Ni dai abin da na koya: in mace ta ja maka gefen riga a ƙasar mutane, sauke hannunka, tun wandonka na da rai.