Rasuwar Goggo, Na'urar Awon Roba ta Fagge

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ya ƙi kwanciya, Malama Kubura Ari, mai ɗakin gwajin roba a Fagge, tana sanar da rasuwar na'urarta da ake kira Goggo. Ta cika ranar Talata da azahar, bayan shekara goma sha tara tana aiki.

Marigayiyar ba ta san kara ba. A jiƙa ƙwayar roba har ta narke a ba ta, sai ta tace zarurrukan ciki da ido ba ya gani, dogaye su fara fitowa, gajeru su biyo baya, ta zana nawa ne masu nauyi, nawa ne marasa nauyi. Da zanen nan ake gane robar da za ta yi bokiti mai ƙarko, da wadda za ta tsage kafin a kai rijiya. Ita ta hana Chukwuemeka na Sabon Gari sayen tirela guda ta tsohuwar roba da aka wanke aka kira sabuwa.

Ciwon ya fara da famfonta. Tik-tik ɗin da aka saba ji ya koma ƙarr-ƙarr. Kubura ta rubuta wa kamfanin da ya ƙera ta, suka ce sun daina yin kayanta. Wani injiniya ya yi alkawarin zuwa sau huɗu, bai zo ba. Onyedika mai gyara a Bata ya buɗe cikinta, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Madam, wai wannan me take dafawa?"

Ranar Talata aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi. Goggo ta ce fiit, ta yi shiru, zanen robar wata 'yar kasuwa, Madam Chinyere, yana rabi, ita kuwa motar kayanta na tsaye a bakin shago tana jiran a ce mata karɓi ko mayar. Kubura ta kashe ta kunna har sau bakwai, sannan ta zauna a ƙasa.

Marigayiyar ta bar kwamfuta ɗaya da ba ta jin yaren kowa sai nata, da bututun tacewa uku, da samfura arba'in da ɗaya marasa mai duba su.

Za a ɗauki gawa ranar Asabar da hantsi a adaidaita sahu, zuwa wajen 'yan gwangwan masu sayen tsoffin ƙarafa, inda za a ɗora ta a sikeli a auna ta da kilo. Ana karɓar gaisuwa a shago. Duk mai niyyar cewa "ai sai a sayi sabuwa", ya yi zamansa a gida.